Injin MRI ɗinsu ya burge ni, takardar sakamakon ce ta ɓata min rai

Likitan ƙashi ne ya rubuta wa Hajiyarmu hoton MRI na wuya, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, saboda hannunta na dama da yake yawan mutuwa, har kofin shayi kan suɓuce mata. Na kai ta ɗaya daga cikin sababbin cibiyoyin hoto masu zaman kansu da ke nan Kano. Maganar kuɗi ba sai na yi ba, duk wanda ya yi MRI a 'yan shekarun nan ya san sai an yi karo-karo a gida.

Da fargaba na je. An taɓa yi mata hoton baya a wani wuri da tsohon inji mai raunin maganaɗisu, irin mai ƙarfin tesla 0.35 ɗin nan. Ta daɗe a kwance har ta gaji ta riƙa motsi, hoton ya fito dishi-dishi, aka ce a sake. Tun daga ranar ta ce ita da wannan akwatin har abada, sai da muka haɗa ta da yayanta kafin ta yarda.

Wanda ya fara kwantar min da hankali shi ne matashin da ke ɗaukar hoton. Ya tambaye ta ɗaya bayan ɗaya: ko an taɓa yi mata tiyata aka bar ƙarfe a jiki, ko tana da batirin zuciya, ko wani ƙarfe ya taɓa shiga mata ido. Ya sa aka cire 'yan kunne da warwaro da fil ɗin mayafi, har kwallin idonta ya ce a goge. Sai ta yi murmushi, ya hango haƙorin Makka. Nan fa Hajiya ta tsuke fuska ta ce, "Yaro, wannan tun aikin Hajjina na farko yake, ba mai taɓa shi." Ya yi dariya ya ce, "Mama, ba cire shi za mu yi ba, ki kwantar da hankalinki." Ya bayyana min cewa maganaɗisu ba ya jan zinare, abin da ake gudu shi ne in an gauraya shi da wani ƙarfe ya ɓata hoton wajen baki, don haka zai duba hoton farko kafin ya ci gaba. Injin nasu mai tesla 1.5 ne, wato kusan ninki 30,000 na maganaɗisun ƙasa, kuma ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, domin ruwan iskar hiliyam ke riƙe shi cikin sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Shi ya sa ko makullin mota bai bari na wuce ƙofa da shi ba.

Ƙarar tana nan, kai ka ce injin niƙa aka tayar a kunnenka, amma sun toshe mata kunne. Ban gama amsa saƙonnin 'yan'uwa masu tambayar ya ake ciki ba, sai ga ta an fito da ita. Na ɗauka wata matsala ce ta tsayar da aikin, ashe an gama. Mai ɗaukar hoton ya nuna min a kwamfuta: ƙasusuwan wuya a jere, laka a tsakiya, komai tar, haƙorin ma bai ɓata komai ba. Ya ce injin yana ɗaukar bayanai kaɗan, manhajar ƙirƙirarriyar basira kuma ta tace hoton. Ba sabon zance ba ne a waje. Tun 2018 Jami'ar New York da Facebook suka fara aikin fastMRI, a 2020 kuma suka nuna cewa hoton gwiwa da aka haɗa da kusan rubu'in bayanan da aka saba ɗauka, likitocin hoto sun karanta shi sun samu abin da suke samu a na asali. Yanzu kamfanonin GE da Siemens duk suna sayar da injina da irin wannan manhaja. Ban zaci zan gan ta a garinmu da wuri haka ba. A ranar da an ce in ba su tauraro, biyar zan ba su ba tare da tunani ba.

To, sai aka zo batun sakamako.

Ashe babu likitan hoto a wurin ko ɗaya. Ta intanet suke tura hotunan ga wani likita a wani gari, shi ya rubuto. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, likitocin hoto sun yi ƙaranci a ƙasar nan, kuma ko a Turai ana yin haka. Amma ai sai a faɗa wa mutum tun wajen biyan kuɗi. An ce in dawo gobe. Goben ta zo aka ce sabis ne ya hana hoto tafiya, daga baya aka ce likita yana hanya. Ranar ganin likitan ƙashi ta wuce mu, Hajiya tana kwana da hannu a kan matashi.

Da takardar ta fito, 'yan layuka ne. An rubuta cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin wuya na 5 da na 6 ya turo yana danne jijiya ta hagu. Hagu! Matar da dama ke damunta. A wani layin ma an ambace ta a matsayin namiji. Likitan ƙashi ya sa faifan CD ɗin a kwamfutarsa, ya duba da kansa, ya nuna min wurin a dama ƙuru-ƙuru. Ya ce da alama an ɗauko rubutun wani majiyyaci ne aka gyara sama-sama, kuma ga dukkan alamu ba a tura wa mai karantawar bayanin ciwon ba. Abin da ya ƙara ɗaga min hankali shi ne bayanin da ya yi: turowar guringuntsi a wuya ruwan dare ce, wani bincike da aka buga a 2015 ya duba mutum 1,211 a Japan da ba su da ciwon komai, kusan kashi 88 cikin 100 an ga hakan a hotonsu. Ke nan in ba a haɗa hoto da abin da ke damun mutum ba, takardar ba ta da amfani, tana ma iya sa a bi ɓangaren da lafiyarsa ƙalau.

Na koma da takardar. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta karɓa ko kallona ba ta yi ba, ta ce "za a gyara", kamar suna aka rubuta ba daidai ba a rasit. Haƙuri ma babu wanda ya ba ni sai matashin nan mai ɗaukar hoto, wanda ba shi ya yi laifin ba. Ina tsaye a nan na tuna wani abu da murnar ranar farko ta sa na haɗiye: babu mace ko ɗaya a ɓangaren hoton, dattijuwa ta sa rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ni ɗanta ne na riƙa kare ta da mayafi har bakin ƙofa. Fim ɗin da aka buga kuwa kuɗinsa daban, ba a faɗa ba sai da na nema.

An gyara takardar daga baya, Hajiya ta fara gashi da motsa jiki, likita ya ce ba a kai ga tiyata ba tukuna. In aka sake rubuta mana MRI, can zan koma, don injin da yaron nan. Amma CD kawai zan karɓa, in nemi likitan hoton da zan iya zama gabansa in gaya masa wane hannu ne ke ciwo. Tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na mai ɗaukar hoto ne.