Ƙuri'ar WhatsApp a zauren ƙungiyar 'yan kasuwa: abin da na gani a Garwa

Ƙungiyarmu ta masu fataucin albasa da gyaɗa tana da mazauni a Garwa da ke arewacin Kamaru, amma da wuya a tara rabin membobinta a rana ɗaya, domin wani yana Marwa wajen sayen kaya, wani ya raka mota Duwala, wani kuma yana Kusiri yana jiran tsallakawa Chadi. Wannan ne ya sa muka koma yanke shawara a zauren WhatsApp ta hanyar ƙuri'ar da manhajar ta fito da ita a ƙarshen shekarar 2022, wadda wayoyinmu masu Faransanci ke kira sondaj. Na riƙe magatakardan ƙungiyar a wannan lokaci, saboda haka ni ne na fi kowa buɗe ta da ƙirga sakamakonta.

Ta fuskar sauƙi ba ni da abin cewa sai yabo. Mutum zai rubuta tambaya, ya jera amsoshi har 12 in yana so, ya tura, kowa ya taɓa wadda ya zaɓa, adadi kuma yana bayyana nan take ba tare da an biya ko dala ba, ban da kuɗin intanet. Zauren yana ɗaukar mutum 1,024, abin da ya ninka yawanmu sau da dama. Ranar taro, ko zaɓen wanda zai je ta'aziyya a madadinmu, ko launin atamfar biki, duk muna gama su kafin la'asar, alhali a da saƙonnin murya kan yi ta zuwa har mutum ya rasa inda maganar ta tsaya.

Wahalar ta fara ne lokacin da muka kawo maganar kuɗi, kuma laifin namu ne, domin mun ɗauka na'ura za ta yi mana aikin da dokar ƙungiya ce ya kamata ta yi. Ƙuri'ar tana nuna amsar da ta fi samun hannu, amma ba ta san mutum nawa ne dole su jefa kafin hukunci ya hau kan kowa ba. A ɗauki misali da ƙungiya mai mutum 60 da aka ba ta amsoshi huɗu a kan ƙarin kuɗin wata: idan 30 suka jefa, kuma amsa ta farko ta sami 11, to mutum 11 sun ɗora wa 49 nauyin da ba su nema ba. Muhawarar da muka yi a kan wannan ta ba ni sha'awa, domin wasu sun kafa hujja da zaɓen shugaban ƙasa a nan Kamaru, inda zagaye ɗaya ne kuma wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, waɗanda suka saba da Njamena kuwa suka ce a Chadi sai ɗan takara ya haye rabi, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A ƙarshe muka ɗauki na farko a ƙananan al'amura, na biyu a zaɓen shugabanni, abin da ya shafi asusu kuma muka ce sai kashi biyu cikin uku na masu biyan kuɗin wata sun yarda.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuri'ar a buɗe take, yadda muka yi amfani da ita, kowa na iya dubawa ya ga wane ya zaɓi me. A wurin mutanen da ba su san juna ba wannan ba komai ba ne, amma mu akwai maigida da yaronsa a zaure ɗaya, akwai suruki, akwai wanda ake bin sa bashi. Na lura matasa kan jira har sai Alhaji ya taɓa tasa sannan su bi sahu, kuma da yake ana iya sauya zaɓi, na sha ganin hannu ya tashi daga wannan amsa ya koma waccan bayan an yi wa mutum waya da dare. Kunya ba ta barin yaro ya saɓa wa babba a bainar jama'a, ko da gaskiya tana wajensa. Telegram tana da ƙuri'ar sirri, kuma mai tambaya na iya rufe ta idan lokaci ya cika, sai dai dattawanmu ba su yarda su ƙara wata manhaja a wayarsu ba, ni ma ban ga laifinsu ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata magatakarda ya kiyaye. Maɓallin da ke ba mutum damar zaɓen amsa fiye da ɗaya yana zuwa a kunne, sai an kashe shi kafin a tura. Mai layi biyu a zaure yana da ƙuri'a biyu, 'yan'uwa biyu masu waya ɗaya kuwa ƙuri'arsu ɗaya ce. Tambayar rubutu ce, don haka wanda bai iya boko ba sai an karanta masa, abin da ya sa nake haɗa kowace tambaya da saƙon murya da Hausa da Fulatanci. Wa'adi kuma mu muke sa wa kanmu: bayan sallar isha'i ta rana ta uku sai in ɗauki hoton sakamakon in tura zaure, duk abin da ya sauya bayan haka ba a lissafa shi.

Ƙungiyar da ta yi rajista a ƙarƙashin dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta riga ta miƙa wa hukuma kundin dokokinta, kuma idan rigima ta kai gaban hukuma, wannan kundin za a fara buɗewa. Namu yana maganar babban taro ne kawai, bai ambaci waya ba, saboda haka muka rubuta sababbin ƙa'idojin a takarda, aka karanta su a taron bayan Babbar Salla, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Har yanzu muna amfani da ƙuri'ar WhatsApp kusan kowane mako, kuma ina ba kowace ƙungiya shawarar ta yi amfani da ita a al'amuran yau da kullum. Zaɓen ma'aji kuwa mun mayar da shi ga 'yar takarda da ake naɗewa a jefa cikin ƙwarya.