Firamaren unguwa ko makarantar musamman, amsa ga yayarmu

Salamu alaikum 'yan gida. Yaya da kika yi tambaya jiya da dare, kin ce ɗanki shekararshi 5, bai taka ba sai da ya wuce biyu, har yanzu maganar ɗaiɗai ce, mama, ruwa, zo, kina ruwan ido ko ki sa shi firamaren unguwa ko ki nemi ta masu buƙata ta musamman. Ni malamar aji ce nan Katsina kuma ƙanwata na da irin yaron nan, to ga abinda na gani.

Ta musamman tukunna. Malamanta sun san aikin, ba mai mamakin yaro balle ya yi mashi tsawa don bai amsa ba. Sai dai sanannun na gwamnati a jiharmu su ne makarantar kurame ta Malumfashi da ta makafi ta nan Katsina, can maganar hannu ce, nan rubutun makafi, to yaron da ke ji yana gani jinkiri ne kawai gare shi me zai yi a can, ga Malumfashi ba nan kusa ba, ɗan shekara 5 da bai iya cewa cikina na ciwo ba a nisanta shi da uwa ni dai hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa kafin komai ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, tsohon FMC, likitan yara ya gan shi a kuma gwada kunnen. Sankarau da shawara mai tsanani ta jarirai suna taɓa ji, yara da yawa ana cewa sun ƙi magana ashe ba su ji sosai ne. In kunne ne to lissafin ya canza.

Firamaren unguwa kuwa ribarta yaran ne kansu. Yaro wajen yara yake kwasar magana, a layin asambuli, wajen langa, wajen rigimar biro, abinda muka yi wata da watanni muna maimaita ma ɗan ƙanwata a gida wallahi a bakin 'yan ajinsu ya ɗauko shi, ran da ya dawo ya ce "ba ni nawa" uwar kuka ta yi. Amma ba zan rufe ki ba, aji cike yake malama ɗaya, ba za ta iya tsayawa kanshi ita kaɗai ba, ga tsokana ana ce ma yaro dolo ko gaɓo, ga bulala in malama ta ɗauka taurin kai ne, ga maganar bayi wadda ita ta fi korar irin yaran nan daga makaranta fiye da karatun.

In yana ji yana gani ni unguwa na zaɓa, da sharaɗi. Ki je da ƙafarki ki ga hedimasta da malamar ajin ki faɗa masu komai, har kalmar da yake faɗi in fitsari ya matse shi. A zaunar da shi gaba, ba duka, wando mai roba ba mai zif ba da na canji cikin jaka, a haɗa shi da ɗan maƙwabta mai hankali su tafi tare. Ki fara da awa biyu yana dawowa da tara, a hankali a ƙara. Kuma kar ki je kina rarrashi kamar alfarma za a yi maki, akwai dokar hana nuna ma nakasassu bambanci ta 2018 wadda Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, ta shafi makarantu ma. Islamiyya kar a bar shi baya, maimaita karatu da murya ɗaya yana sakin harshe, in kuma ƙafa ko hannu na da tauri ki tambayi sashen gashin ƙashi tun kina asibitin.

Ki fara da gwajin kunnen Yaya, in kin dawo ki faɗa mana me suka ce sai mu duba ko naziri za a sa shi ko aji ɗaya. Allah ya buɗe bakinshi ya raya maki shi.