Tsohon Lister ko sabon Kubota a jirgin ruwa?

A hanyoyin ruwan da aka haƙa don jirage a Ingila, mai siririn jirgi idan injinsa ya gaji yakan tsaya tsakanin abu biyu: ya farfaɗo da tsohon injin Lister JP2, ko ya sayi sabon injin kamfanin Beta Marine wanda aka gina kan injin Kubota.

Lister ɗin, ƙirar garin Dursley na Ingila, silinda biyu gare shi, ƙarfin doki kusan 21 a juyi 1,200 cikin minti. A hankali yake bugawa, shi ya sa ba ya saurin cinyewa. Ko batir ya mutu, sai ka ɗaga sandar sakin matsi, ka wana hannun tayar da injin, ka sauke ta, ya kama. Amma nauyinsa ya haura rabin tan, ɗaki guda yake so, kayan gyaransa kuma sai an yi cigiya. Ga ɗigar baƙin mai, kullum tsumma a hannu.

Kubota kuwa ɗan ƙarami ne, murɗa makulli kawai, matata da bel ɗinsa ba wahalar samu.

Ni dai, wanda ba ya son giris a farce ya ɗauki sabon. Mai haƙurin kwance famfon gas da goge nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, Lister ya fi masa.