Na'urar auna zurfin ruwa: ta gano mana hanyar korama, laka kuwa ta fi ƙarfinta

Masu tambayata labarin na'urar nan da aka kawo mini daga Kano, ga abin da na gani. Irin ƴar kewayayyar nan ce da ake ɗaura wa igiya a jefa ruwa. Sauti take aikawa ƙasa, ya bugi gindin ruwa ya dawo, ita kuma ta lissafa lokacin ta nuna maka zurfi a waya. Sauti yana cin kusan mita 1,500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa, shi ya sa kafin ka ƙifta ido lamba ta fito. Kuɗinta kuwa, kada ku tayar mini da miki.

Don masunta aka yi ta, ni kuwa yashi nake bi. Madatsar da muke noman rani ta hanyar Mirriya duk shekara ruwanta ƙara saurin janyewa yake, albasa ba ta ƙosa ba injin ban ruwa ya fara zuƙar taɓo. Bayan damina muka shiga kwalekwale da wani dattijo masunci, muna ratsawa daga gaɓa zuwa gaɓa. A tsakiya, inda kowa ya san nan ne kwarin da korama ke zubowa, waya ta nuna abin da bai kai mita biyu ba. Dattijo ya ce, "Ɗana, wayarka ƙarya take. Nan muka yi iyo da mahaifinka, gora ba ta taɓa ƙasa." Na ce, "Baba, a gwada dai." Ya zura gorar tuƙi, ta tsaya ƙyam a kan yashi. Muka karkata gabas, jikin gaɓar da ke zaftarewa, sai layin da ke allon ya yi ta gangarawa. Ashe yashi ya cike tsohuwar hanyar, ruwa ya haƙa wata a gefe ba wanda ya sani. Can muka mayar da tiyon injinmu. Wallahi ranar har na ji kamar an yi mini arha.

To amma mai kaya ya rantse mini cewa tana auna gudun ruwa da kaurin laka, kuma ko ɗaya ba ta yi. Gudun ruwa aikin manyan na'urori ne da ma'aikatan ruwa ke ja da jirgi a koguna irin Kwara, waɗanda ke sauraron yadda sauti ke canjawa in ya bugi ƙurar da ruwa ke ɗauke da ita. Laka kuwa, daga samanta sautin tawa na'urar yake juyowa. Jikin bangon madatsar ta ba ni lamba, gorar Baba ta ƙara nutsewa fiye da kamu ɗaya kafin ta tsaya. Abin da ya fi damuna ke nan, shi ne kuma ba ta gani, sai na'ura mai aika sauti iri biyu, siriri da mai kauri, wadda mai kaurin ke ratsa taɓo.

Cikin kacalla ma hauka take yi, kan ciyawa take ɗauka ƙasa, ta cika maka allo da kifayen da babu su. Mutanen Gidimuni, masu kacalla a tafki, ku yi tunani kafin ku saya. Ga batir da ba ya son ranar Damagaram, ga haɗinta da waya da ke katsewa da ta ɗan yi nisa. Na kira mai kayan, ya ce wai ruwanmu ne ya yi datti. Da a rijiya yake so in yi aiki da ita?