Murhun ɗumi mai bututun hayaƙi: yadda ya yi aiki a hunturu guda

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, idan hunturu ya kankama a ƙauyukan Ɗambatta, Kazaure, Ɓaɓura da Gumel, dabarar kowa ɗaya ce: a cika kasko ko tsohon kwano da garwashi a shigar ɗaki, ko a tara kara da itace a zaure a kewaye wuta. Ɗumin irin wannan wuta bai wuce inda harshenta ya haska ba. Gaba ya gasu, baya na rawar ɗari, ido na hawaye, da safe kuma a tashi da tari da ciwon kai. Mafi yawan zafin yana bin hayaƙi ya tafi sama, shi kansa hayaƙin kuma itace ne da bai gama cinyewa ba, wato kuɗi ne ke fita ta taga.

Murhun da nake sharhi a kansa shi ne wanda masu walda ke haɗawa da rabin duro, a lulluɓe cikinsa da yumɓu, a yi masa ƙofa, da raga ta rodi a ƙasa, da wurin tara toka, sannan a ja masa bututu ya fita waje. Na yi amfani da shi hunturu guda cur a ɗakin ƙasa mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, rufin kwano. Ya cancanci kuɗinsa, amma ba a yadda ya fito daga hannun mai walda ba. Sai da aka gyara abubuwa huɗu kafin ya zama abin da za a yarda a kwana kusa da shi.

Abin da ya fi yi da kyau shi ne riƙe zafi. Yumɓun da ke jikinsa, mai kaurin kamar santimita 6, yana shan zafi a hankali yana kuma sakinsa a hankali. Idan aka hura wuta mai ƙarfi bayan Magariba aka bar ta ta ci awa ɗaya da rabi, to ko ta mutu bayan Isha jikinsa na nan da ɗumi har tsakar dare, bangon da ke kusa da shi ma ya ɗauka. Kasko ba ya yin haka, da garwashi ya yi toka shi ke nan. Amma a san cewa ba ya ba da ɗumi nan take. Minti 20 na farko za ka ji kamar an cuce ka, saboda yumɓun ne ke shanye zafin. Wanda ya dawo daga gonar rani jiƙe da raɓa yana son ɗumi yanzu-yanzu, kasko zai fi yi masa daɗi.

Itacen da ake ƙonawa kuwa ya ragu a bayyane, sai dai bai kai yadda masu sayar da murhun ke kambamawa ba. Raguwar ta dogara ne kacokan ga bushewar itacen da kuma yadda ake zuba shi.

Gyara na farko, kuma mafi muhimmanci, bututu ne. An kawo shi da bututun farin kwano siriri, an kwantar da shi a miƙe ya ratsa bango, bakinsa yana kallon arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Daren farko iska ta riƙa turo hayaƙin tana mayar da shi ɗaki. Bututu ba ya jan hayaƙi sai yana da tsayi a tsaye kuma cikinsa da zafi, domin iska mai zafi ce ke hawa ta jawo ta bayanta. Don haka faɗinsa ya zama inci 4, kada a tsuke shi a ko'ina. Tsayinsa daga murhu zuwa baki kada ya gaza mita 3. Bakin ya zarce duk wani abu da ke kusa da shi, ko tozon rufi ko katanga, da aƙalla santimita 60. Inda zai ratsa bango a gajarta shi, kuma ya ɗan yi hawa, kada ya kwanta. Kowace gwiwa da aka ƙara tana rage ƙarfin ja, biyu sun isa. A sa masa hula ta kwano a sama da raga mai idanu kamar santimita 1 don tare tartsatsi. Raga mai ƙananan idanu irin ta taga takan toshe da kunkunniya cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani ɗan abu da masu walda da yawa ke juyawa: wajen haɗa gaɓoɓin bututu, ta sama ce ke shiga cikin ta ƙasa. Idan aka yi akasin haka, baƙin ruwan nan mai kama da kwalta da ke taruwa a ciki zai riƙa tsiyaya ta waje, ya ɓata bango, ya yi wari, kuma yana kama wuta. Gaɓar farko da ke manne da murhu ta zama ta baƙin ƙarfe mai kauri. Farin kwano idan ya yi zafi sosai, abin da aka shafe shi da shi yana ƙonewa ya fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Haka shi ma duron, a ƙone shi a fili tukuna har fentinsa ya tafi, kuma kada a karɓi wanda aka taɓa zuba maganin feshi a ciki.

Inda bututu ya ratsa bango, a zura shi cikin wuyan tsohon tulu ko wani bututun gasasshen yumɓu, a cike tsakani da laka. Tsakaninsa da azara, katakon rufi, silin, labule ko zana kada ya gaza santimita 45. Katako ba sai wuta ta taɓa shi yake kamawa ba: idan ya daɗe yana shan zafi yakan bushe ya yi baƙi, wata rana ya kama da kansa. Ɗakin jinka kuwa ban yarda a sa masa wannan murhu ba ko kaɗan. Kuma a ɗaga kai a duba rufi kafin a kafa bututu, domin a wannan lokaci ne ake jibge harawa da kara a kan soro da rassan bishiya. Tartsatsi ɗaya a kan busasshiyar harawa, ga iskar hunturu, sai dai a yi jaje.

Na biyu, yumɓun ciki. An shafa shi ɗanye aka kawo bayan kwana biyu, wutar farko ta tsattsaga shi, wani ɓangare ya zube. Da aka sake, an kwaɓa yumɓu kashi biyu da yashi kashi ɗaya, aka zuba ɗan buntun shinkafa don ya kama jiki, aka bar shi a inuwa mako biyu, sannan aka fara da ƙaramar wuta ta kara kwana uku kafin a sa itace. Bai sake zubewa ba, sai ƙananan tsaga da ake lilliƙewa da laka mai haɗe da toka. Kada wani ya ce zai yi gwaninta da siminti. Siminti ba ya jure wuta, yakan farfashe, wani lokaci ya yi tsalle. Haka duwatsun rafi masu ruwa a ciki.

Na uku, raga. Rodin da aka sa siriri ne, ya lanƙwashe kafin wata guda. Sai mai kaurin milimita 10 ko 12, a jera da tazarar yatsa ɗaya, a kuma bar shi a ɗora ba a like da walda ba, don a iya cirewa a sauya. A Ƙofar Ruwa a Kano ana samun guntayensa. Amfanin ragar shi ne iska ta shiga ta ƙarƙashin itace, wuta ta ci da haske. Idan toka ta cika ƙasan har ta taɓo ragar, wutar za ta shaƙe ta koma hayaƙi, rodin ma ya fi saurin lalacewa.

Na huɗu, ƙofa. Ba ta da kafar iska ko ɗaya, da an rufe wuta ta fara ciccije. An huda mata ramuka shida a ƙasa, kowanne kamar faɗin yatsa, da ɗan marfi mai zamewa. Wasu kan sa makulli cikin bututu don tare zafi. Shawarata a cire shi, in kuwa dole sai an bar shi, a yanke gefensa yadda ko an rufe ba zai toshe gaba ɗaya ba.

A nan ne zan ja hankali sosai, domin bututu yana sa mutane su saki jiki. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Tana kama jini fiye da oksijin, iskar da muke rayuwa da ita, ninki sama da 200, sai jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Gawayi da garwashi sun fi itace haɗari a nan, saboda ba su da hayaƙin da zai kori mutum daga ɗaki. Shi ya sa maganar nan ta cewa a bari hayaƙi ya gama fita a waje sannan a shigar da kasko ba kariya ba ce. Garwashin da ya yi ja jawur ba hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, kuma sukan kama duk mutanen ɗaki lokaci guda. Sau da yawa akan ce abinci ne, ko iska ce ta taɓa su, a tsaya tofi da shafa alhali suna cikin ɗakin. A fitar da su fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, a kai su asibiti ko da sun farfaɗo. Manja da madara ba sa fitar da ita daga jini, iskar oksijin ake sa wa mutum.

Saboda haka ko da wannan murhu, a bar kafar iska a buɗe, ko ƙasan ƙofa ko 'yar taga, kamar faɗin tafin hannu. Murhun yana zuƙar iskar ɗaki yana fitarwa ta bututu, in ba a bar inda wata za ta shigo ba, jan zai tsaya, guba ta dawo ciki. Masu toshe kowace kafa da tsumma da buhu saboda sanyi su kula da wannan. Kafin a kwanta a kwashe sauran garwashin a fitar. Ɗumin dare daga jikin yumɓu ake so ya fito, ba daga wuta mai rai ba. Wannan ya fi zama dole a ɗakin maijego da jariri, da na tsofaffi, waɗanda su ne aka fi rufe wa ɗaki ruf don tausayi.

Wajen itace, ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta gama dafa ruwan kafin ta ba ka ɗumi, kuma shi ke cika bututu da kwalta. Ana gane busasshe da tsagar da ke bakinsa, da ƙarar da yake yi idan aka buga biyu. Wanda ke tsuwa yana kumfa a gindi bai bushe ba. A faskara shi kaurin damtse ko ƙasa da haka, a sa uku ko huɗu a lokaci guda, kada a cusa. Marke da bagaruwa sun fi daɗewa suna ci, darbejiya ma ba laifi idan ta bushe sarai. Kara da totuwar masara na tashin wuta ne, ba sa riƙewa. Tashin da ya fi rage hayaƙi shi ne a jera manya a ƙasa, ƙirare a kansu, kara a sama, a kunna daga sama. Idan bututu ya yi sanyi ya ƙi ja, a kunna ɗan kara a riƙe a bakinsa ta ciki minti ɗaya. Ban da leda, roba, soson katifa, tsohon takalmi da katako mai fenti. Fetur da kalanzir kuwa ko kusa, musamman a kan wutar da ake zaton ta mutu.

Jikin duron yana zafin da zai sale fata, kuma ba ya nuna alama kamar harshen wuta, yaro mai rarrafe ba zai ji tsoronsa ba. Na kewaye shi da tubali jeri uku, wanda ya zama shinge kuma ya ƙara riƙe ɗumi. Gado, katifa, gidan sauro da kayan sawa su yi nesa da mita guda. Mai farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai da wuta kowace iri. In an ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Tukunyar ruwa a kan murhun tana da amfani biyu: ruwan alwalar Asuba, da ɗan tururin da ke rage bushewar hanci da leɓe.

Shara ita ce wahalarsa. Duk mako biyu sai an cire hular an zura gora da tsumma an kakkaɓe bututun, a duba gwiwa, don nan kunkunniya ke taruwa. Idan ka ga hayaƙi ya fara leƙowa ta ƙofa alhali da ba ya yi, bututu ne ya toshe, a daina hurawa sai an share. Toka a kwashe ta kullum cikin bokitin ƙarfe mai marfi, a ajiye nesa da rumbu da dangar kara, domin garwashi kan kwana da rai a cikinta fiye da yini guda.

Ga mai ɗakin ƙasa ko na bulo da rufin kwano ko soro, musamman in akwai tsoho ko mai tarin fuka a gidan, ina ba da shawarar a saya. Zaman hira a zaure mai ƙofa biyu a buɗe kuwa bai buƙaci wannan ɗawainiya ba. Wajen ciniki a tabbatar kuɗin ya haɗa da bututu cikakke, gwiwa, hula da kafawa, domin wasu murhun kaɗai suke faɗa wa farashi. A ba da aikin tun watan Oktoba don yumɓu ya samu bushewa, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an hura shi a gabanka da dare, iska na kaɗawa, ka kunna guntun kara a bakin ƙofarsa ka ga hayaƙin ya shige ciki bai dawo maka ba.