Risibar sautin falo: wacce za ka saya idan kuɗin ba yawa?

Risiba ita ce na'urar da ake jona wa talabijin da lasifiku, ta ƙara ƙarfin sauti ta raba musu. Lambar wat da ke jikin kwalinta ita ce ta fi yaudarar mai saye. Sony STR-DH590 na tallata wat 145, alhali Yamaha RX-V385 da Denon AVR-S570BT wat 70 ne a takardar bayaninsu. Sai mutum ya ɗauka Sony ta ninka su ƙarfi. Ma'aunin ne ya bambanta: na Sony da lasifika ɗaya aka auna, na sauran da biyu suna aiki tare. Ko da ninkin gaskiya ne ma, desibel 3 kawai zai ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, kunne da kyar yake jin bambancin. A falo madaidaici, ukun nan duk za su ishe ka har maƙwabta su ƙwanƙwasa ƙofa.

Inda suka rabu shi ne ramukan baya. Sony da Yamaha tun 2018 suka fito, kowacce da mashigar HDMI huɗu, suna wuce hoton 4K lafiya. Denon ta 2022 ce, tana da HDMI 2.1, don haka mai PlayStation 5 da ke son hoton 4K guda 120 a daƙiƙa ita ce tasa. Wanda dikoda da Netflix ne kaɗai harkarsa, babu abin da wannan zai ƙara masa. Duk ukun na zuwa da ƙaramin makirfon awo, tsarin na Yamaha shi ake kira YPAO: ka ajiye shi inda kake zama, na'urar ta yi ta fitar da ƙara tana auna nisan kowace lasifika, ta daidaita kanta. A falon tayil mai amsa kuwwa wannan ba ƙaramin taimako ba ne, kuma ni na fi karkata ga Yamaha. Sony siririya ce, tana shiga kantar talabijin ba wahala, sai dai maƙalan wayar lasifikun tsakiya da na baya na matsi ne, ba sa karɓar waya mai kauri.

Babu mai Dolby Atmos a cikinsu. Kada wannan ya dame ka. Atmos sai da ƙarin lasifiku masu kawo sauti daga sama, da risiba mai tasha bakwai, wato mai ɗaukar lasifika bakwai maimakon biyar, irin Denon AVR-X1700H, kuma kuɗin ya wuce abin da muke magana a kai.

Yanzu ga inda mutane suka fi ƙona kuɗinsu. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu a Najeriya da Nijar kuwa 230 ce. Ka juya bayan na'urar ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin ka yi ciniki. Idan 120 ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawa ɗaya ta isa. AVR-S570BT ta kasuwar Amurka ce. 'Yar'uwarta ta Turai, AVR-X580BT, ita ce ke shan 230. Ka kuma sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi, musamman in kana sauyawa tsakanin wutar gari da janareto.

Sai batun tsofaffin lasifiku. Waɗanda suka zo haɗe da tsohon saitin DVD galibi om 3 ko 4 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta, ƙaramin om ya fi jan wuta), waɗannan risibobi kuma 6 zuwa 8 suke so. Ka haɗa su, na'urar ta yi zafi ta riƙa kashe kanta. Wufar irin wannan saiti, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ma ba za ta yi ba, domin risiba na buƙatar wufa mai nata amfilifaya da wayar wutarta.

Wata tambaya kuma: kana buƙatar lasifika biyar kuwa? Yawancin waƙoƙi, wa'azi da bidiyon YouTube sautin tasha biyu ne. Idan su ne abincinka, Sony STR-DH190 da lasifika biyu masu kyau sun fi biyar na banza daɗin ji. Ba ta da HDMI dai, sai ka duba ko talabijin ɗinka na da mafitar sauti ta ja da fari ko ta iyafis.

In ta hannu za ka saya, a jona maka lasifika a kowace tasha ɗaya bayan ɗaya, a gwada duk ramukan HDMI, a bar ta tana aiki ta ɗau zafi. Rimot da makirfon awo su kasance cikin ciniki, don samun su daban wahala ne.