Fitilun da ke ɗaga kai: na zuƙon iska ko na lantarki?

Duk wanda ya ƙwallafa rai a kan tsohuwar motar tsere mai fitilun da ke ɓuya cikin bonet, abin da ya fara jan hankalinsa shi ne lokacin da aka taɓa makunni suka ɗago kamar mai farkawa daga barci. Ni ma nan aka kama ni. Amma kafin ka ba da kuɗinka, ka san abin da ke ɗaga su, domin hanya biyu ce, kuma kowacce da irin ciwon kanta.

Tun 1936 motar Cord 810 ta zo da ɓoyayyun fitilu, waɗanda direba ke murɗo su da hannu. Daga baya kamfanoni suka rabu gida biyu. Corvette, motar kamfanin Chevrolet, kaɗai ta isa misali: daga 1963 zuwa 1967 ƙaramin injin lantarki ne ke juya fitilunta, daga 1968 zuwa 1982 aka koma zuƙon iska, sannan a 1984 aka dawo lantarki, har zuwa 2004 da aka daina wannan yayi.

Na zuƙon iska ya fi buƙatar bayani. Inji yana aiki yana zuƙar iska, sai a ja tiyo daga nan zuwa wani tanki, a bi ta bawul, a kai ga wasu gwangwanaye masu roba a ciki. Zuƙon ya ja robar, robar ta ja sanda, fitila ta tashi. Babu giya, babu wani injin da zai ƙone. Abokin gabansa tsufa ne kawai: tiyo ya bushe ya tsage, roba ta huje, bawul ya daina riƙewa. A Corvette ta 1968 zuwa 1972 ma har murfin waifa yana kan wannan layi, don haka tiyoyin suna da yawa, sai mai haƙuri.

Abin da nake ƙauna game da shi, ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana yi maka kashedi. Yau fitilar dama ta riga ta hagu tashi, gobe ka ji tana huci a ƙarƙashin bonet, jibi inji ya fara rawa a sulo saboda iskar da ke shiga ta inda bai kamata ba. Mai saye kuwa wannan riba ce gare shi, don fitilar tana tona asirin motar. Lafiyayyen inji yakan nuna zuƙo tsakanin inci 17 zuwa 21 a kan ma'auni idan yana sulo. In ya gaza haka sosai, ko dai akwai yoyo, ko injin ya gaji, ko an sa masa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) na tsere wanda ke rage zuƙon.

A Lotus Elan, wadda ta fito a 1962, maganar ta fi haka nauyi. Tankin zuƙon ba wani abu ba ne daban, ƙarfen gaba na shasin motar ne da kansa. Idan fitilun Elan sun ƙi riƙewa, kada ka yarda da “ai ɗan tiyo ne” sai ka leƙa ƙasa da idonka, don mai yiwuwa tsatsa ce ta huda shasi, gyaran kuma ya wuce batun fitila nesa ba kusa ba. A Elan na farko-farko ma zuƙon ne ke riƙe fitilun a sama, shi ya sa idan aka taka totur aka daɗe sukan fara sunkuyawa ana cikin tafiya. Daga baya aka juya tsarin: sifirin ya ɗaga, zuƙo ya danne, ta yadda in abu ya lalace fitila a buɗe za ta tsaya.

Na lantarki ba shi da dogon labari. Yana tashi da sauri, fitilun biyu tare, ko inji a kashe yake. Irinsa ne a Mazda MX-5 ta 1989 da Porsche 944. Rauninsa yawanci giyar roba ce a cikin ƙaramin injin fitilar, ko giris da ya daskare, ko wayar da ta yi tsatsa. Alamar da na fi saurara ita ce injin ya ci gaba da gurnani bayan fitila ta gama rufewa. Haƙoran giya ne suka cinye. Ya fi saurin yanke maka hanzari ba sallama, amma yawancinsu suna da ɗan maɓalli a jikin injin da za ka murɗa da yatsu ka ɗago fitilar ka isa gida.

Ranar duba mota, ka je inji yana sanyi. Ka kunna ka kashe fitilun sau biyar ko shida a jere, ba sau ɗaya ba. In na zuƙo ne, ka kashe injin, ka jira ɗan lokaci, ka sake gwadawa. Tankin da ke riƙewa zai iya ɗaga su aƙalla sau ɗaya; a Elan mai sifirin kuwa, ka duba ko za su zauna a rufe. In na lantarki ne, ka kasa kunne, ka kuma duba ko murfin yana zama daidai da bonet.

In motar ta hawa ce, kana yawan tafiyar dare, shawarata ka ɗauki ta lantarki. In kuwa so kake ka riƙe mota yadda ta fito daga masana'anta, kada tsoron tiyo ya hana ka ta zuƙo. A sauya robobin gaba ɗaya lokaci guda, a bi zanen layin daidai, za ta yi shekaru lafiya. Ana sayar da kayan mayar da Corvette mai zuƙo zuwa lantarki, suna kuma aiki. Idan ka tarar an riga an yi wa motar haka, ka tambayi mai ita ina tsofaffin gwangwanayen da tankin suke, ka sa su cikin ciniki, domin mai saye na gaba zai neme su a hannunka.